Daura a Cikin Infaƙul Maisuri: Nazari Kan Hujjojin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na Faɗaɗa Daula

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗora littafin Infaƙul Maisuri fi Tarikhi Biladit Takruri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bisa ma'aunin malaman hadisi da na fiƙihun Malikiyya, ta fuskar abin da ya shafi Daura. Ta duba abubuwa uku: ruwayar da ya kawo game da asalin sarakunan Hausa, da hujjar da ya kafa ta yaƙar Daura da Barno, da kuma tazarar da ke tsakanin Bello marubucin 1812 da Bello mai mulki bayan 1817. Sakamakon da aka kai gare shi shi ne, littafin tushe ne da ba a iya wadatuwa ga barinsa, amma shaida ce ta ɗaya daga cikin masu husuma. Hujjarsa ta kare kai tana da ƙarfi, hujjarsa ta kafirtawa saboda jiɓinta kuwa tun a gidan Shehu aka yi saɓani a kanta.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Wata rana ina karantar da darasin tarihin tajdidi a ƙasar Hausa, bayan na gama bayanin yadda tutocin jihadi suka isa Katsina da Kano da Daura, sai wani ɗalibi mutumin Zango ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ke nan kakanninmu da aka kora daga Daura kafirai ne?" Ajin ya yi tsit. A cikin ɗaliban akwai jikokin waɗanda suka riƙi tuta, akwai jikokin waɗanda tutar ta kora, ga su kuma a sahu ɗaya suke sallar Azahar. Na ba shi amsar da ta sawwaƙa a lokacin, amma ban gamsu da ita ba, shi ya sa na koma wa littafin da kusan duk abin da muke faɗa a kan wannan babi daga gare shi yake fitowa.

Tambayar ta fi nauyi a Daura fiye da sauran masarautu. A Kano da Zazzau, gidajen da jihadi ya kawo su ne ke kan karaga har yau. A Daura kuwa, gidan da Malam Isiyaku ya kora wajen 1805 zuwa 1806 shi ne Turawa suka mayar wajen 1906, lokacin da suka ɗauko Malam Musa daga Zango. Daga shi sai Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sai Umar Faruk Umar. Saboda haka duk wanda ya karantar da Infaƙu a ƙasar Daura, hukunci yake karantawa a kan kakannin masu saurarensa da na sarkinsu. Irin wannan karatu yana bukatar a tantance abin da marubucin ya gani da idonsa, da abin da aka faɗa masa, da abin da ya gina da ijtihadinsa.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Muhammadu Bello a 1781. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da baffansa Abdullahi, yana da shekara ashirin da 'yan kai aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Ya halarci Tabkin Kwatto a wannan shekara, ya ga wuyar da jama'a ta sha a Tsuntsuwa da Alwasa, kuma yana cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Da Shehu ya raba kula da ƙasa a 1812, sai ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, wato har da Katsina da Kano da Zazzau da Daura da Bauchi. Ya karɓi mubaya'a bayan rasuwar Shehu a 1817, ya yi shekara ashirin yana mulki, ya rasu a Wurno a 1837.

A shekarar 1227 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1812, ya kammala Infaƙu. Wannan kwanan wata shi ne mabuɗin karatun littafin. Marubucin saurayi ne ɗan shekara talatin da ɗaya, kwamandan yaƙi wanda ƙurar fage ba ta gama kwanciya a jikinsa ba, kuma a daidai lokacin yana tsakiyar musayar wasiƙu da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno a kan halaccin yaƙin kansa. Littafin ya haɗa bayanin ƙasashe, da tarjamar malamai da waliyyai, da siffanta Shehu da wa'azinsa, da jerin yaƙe-yaƙe, da wasiƙun Barno. Ɗalibanmu da yawa ta hannun Turawa suka san shi, domin E. J. Arnett ya fitar da taƙaitacciyar fassararsa a Kano a 1922, C. E. J. Whitting ya buga matanin Larabci a Landan a 1951, kafin tahƙiƙin Bahija Shazili da ya fito a Rabat a 1996.

Falalar littafin a bayyane take. Larabcinsa miƙaƙƙe ne, ba ya wahalar da mai karatu da yawan saja'i a wuraren labari. Yana ambaton shan kashi kamar yadda yake ambaton nasara, yana faɗin yunwa da cutar da suka addabi jama'a. Mafi girman falalarsa kuwa ita ce ya kawo maganar abokin jayayyarsa Alkanemi da tsawonta da kaifinta, alhali yana da ikon binne ta. Da bai yi haka ba, da mafi ƙarfin sukar da aka yi wa jihadin ta ɓace mana. Duk sukar da za ta biyo baya a wannan maƙala, da kayan aikin da Bello ya ajiye mana da hannunsa aka yi ta.

Sai dai adalcin mutum ba ya mayar da shi alƙali a shari'ar da yake ɗaya daga cikin masu ƙara. Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ba a karɓar shaidar abokin husuma a kan wanda yake husuma da shi, ko da kuwa mai gaskiya ne. Ibn Khaldun ma, da yake lissafa dalilan da ke shigar da kuskure cikin tarihi a Muƙaddima, ya fara ne da karkata ga ra'ayi da mazhaba, sannan yawan amincewa da masu kawo labari. Waɗannan ƙa'idoji namu ne, ba aro muka yi daga 'yan mulkin mallaka ba, kuma Bello da kansa da su ya yi karatu.

3.0 Ruwayar Bawo

Wuri na farko da Daura ta shigo littafin shi ne bayanin asalin ƙasashen Hausa. Bello ya kawo cewa sarakunan Katsina da Kano da Zazzau da Daura da Rano da Biram duk zuriyar wani mutum ne mai suna Bawo, wanda bawa ne na Sarkin Barno, Gobirawa kuwa 'ya'ya ne, asalinsu daga Ƙibɗawan Masar. Ya kuma ambaci wanda ya ba shi labarin, wato Muhammadu Baƙiri na gidan sarautar Agadas.

A nan ya kamata a yaba masa kafin a soke shi, domin ya bi sunnar malaman hadisi, ya jingina magana ga mai ita. Wanda ya ambaci isnadi ya sauke nauyi, ya bar wa mai karatu aikin bincike. Laifin namu ne da muka ɗauki ruwayar muka yi ta maimaitawa ba tare da auna ta ba. Idan aka auna ta, za a ga ruwaya ce ta mutum ɗaya, mai yankakken isnadi, a kan abin da ya faru ɗaruruwan shekaru kafin a haifi mai ba da ita. Mai ruwayar kuma ba mutumin Daura ba ne, ɗan Azbin ne, ƙasar da ke da tsohuwar alaƙa da Gobir, ga shi kuwa Gobir ce kaɗai ruwayar ta keɓe da 'yanci.

Mutanen Daura suna da tasu ruwayar. A wurinsu Bawo ɗan Bayajidda ne, baƙon da ya fito daga Bagadaza, ya zauna a Barno ya auri 'yar sarki, ya gudo ya bar ta a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Suna kuma fassara sunan Bawo da cewa martani ne ga sunan ɗan'uwansa Karɓagari, ɗan Bagwariya. Ba na da'awar cewa wannan ruwaya ta fi waccan inganci a ma'aunin isnadi, domin ita ma hikaya ce ta fada. Abin lura shi ne ruwayoyin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: tushen sarautar ya ratso ta Barno. Wannan ya dace da abin da aka sani na cewa Daura ta daɗe tana cikin inuwar Barno tana aika mata gaisuwa. Mafi kusa da hankali shi ne kalmar bawa a ruwayar Baƙiri hoto ce ta wannan biyayya ta siyasa, sai ta rikiɗe ta zama nasaba a bakin masu ba da labari, kamannin lafazin Bawo da bawa kuma ya taimaka.

Ban ce Bello ya kawo ruwayar don ya halatta bautar da kowa ba. Wasiƙar Shehu ga mutanen Sudan ta haramta bautar da 'ya'ya Musulmi a fili, kuma a fiƙihu bautar kakan kakanni ba ta haifar da wani hukunci a kan jikoki 'yantattu. Amma magana tana da wurin sauka. Littafin da aka rubuta shekara shida da korar wani gidan sarauta, idan ya buɗe bayanin wannan gida da cewa asalinsu bayi ne, ya riga ya sassauta wa mai karatu jin nauyin korar. Marubuci mai zurfin Bello, wanda ke riƙe da al'amuran gabas, yana da hanyar jin abin da masu gidan ke faɗa game da kansu, sai ga shi ruwaya ɗaya kawai ya ajiye mana.

4.0 Sarƙar Hujja: Daga Gobir Zuwa Daura Zuwa Barno

Zuciyar littafin ita ce amsa tambaya ɗaya: da wane dalili aka yaƙi sarakunan da ke furta kalmar shahada, suna salla, suna da limamai da alƙalai? Tambayar ba sabuwa ba ce. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya lissafa Barno da Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Shehu kuwa, a Nurul Albabi, ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku: Musulmi tsantsa, da masu gauraya ayyukan Musulunci da na kafirci, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba. Ya sanya sarakuna a kashi na biyu, yana dogaro da amsoshin Almagili ga Askiya Muhammadu a kan Sonni Ali, tare da ƙa'idar cewa hukuncin ƙasa yana bin hukuncin sarkinta.

Idan aka bi labarin Infaƙu a tsanake, za a ga hujjar sarƙa ce mai zobe uku. Zobe na farko Gobir ce. A nan Bello ganau ne: ya ga takurawar da aka yi wa jama'a, da harin Gimbana a kan mutanen Abdussalami, da rundunar da Yunfa ya fito da ita. Zobe na biyu su ne Katsina da Kano da Daura. Bello ya ba da labarin cewa bayan Tabkin Kwatto Yunfa ya aika wa 'yan'uwansa sarakuna yana gargaɗinsu da cewa ƙaramar wutar da ya raina ta ƙone shi, sai suka far wa masu alaƙa da Shehu a ƙasashensu. Shehu ma ya aika musu da nasa saƙon, Sarkin Zazzau Jatau ne kaɗai ya karɓa. Zobe na uku Barno ce, wadda laifinta shi ne taimakon waɗannan sarakuna da suka nemi agajinta.

Duk zoben da aka matsa gaba, ganin ido yana raguwa, dogaro da labari yana ƙaruwa, amma hukuncin yana nan yadda yake. Yaƙin Daura Malam Isiyaku ne ya ja shi har ya fitar da Sarkin Gwari Abdu daga birni, Bello yana can yamma yana fama da Gobir da Kabi da Zamfara. Abin da ya iso masa game da Daura ta bakin ɓangare ɗaya ya iso, wato shugabannin jama'ar gabas, irin waɗanda ya gana da su a Birnin Gada ya karɓi mubaya'arsu a madadin Shehu. Littafin bai tsaya ya ba mu takamaiman aikin shirka da aka tabbatar a kan Sarkin Daura da sunansa ba, ko wata tsayar da hujja da aka yi masa shi kaɗai. Daura ta shiga hukunci ne a cikin ayari, saboda tana tare da Kano da Katsina. Ga shi kuwa kafirta mutum ayyananne yana da sharuɗɗa da abubuwan da ke hana shi, kuma aya ta 94 a Suratun Nisa'i da aya ta 6 a Suratul Hujurati duka umarni ne da yin bincike, ta farkon ma a kan mayaƙa ta sauka.

A wannan gaɓa ce Alkanemi ya sa yatsa. Bayan Gwani Mukhtar ya ci Birnin Gazargamu a 1808, Alkanemi ya taimaki Mai Dunama aka ƙwato shi, sannan ya rubuto yana tambayar dalilin yaƙar mutanen da ke salla da zakka da azumi. Ya bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya: zuwan sarakuna wasu wurare don yin sadaka, da yawon mata ba lulluɓi, da cin hanci, da cin dukiyar marayu, da zalunci a wurin shari'a. Ya yarda munanan abubuwa ne da ya wajaba a hana, amma ya ce saɓo ne, kuma akwai irinsu a Masar da Sham ba tare da malaman can sun kafirta ƙasashensu ba. Wannan ita ce aƙidar da ke cikin Risala, cewa ba a kafirta ma'abocin alƙibla da zunubi.

Amsar Bello kashi biyu ce, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kashi na farko kare kai ne: su aka fara kai wa hari, aka kori mutanensu, aka tilasta musu hijira. Wannan hujja ce mai ƙarfi, domin tunkuɗe mai kawo hari halal ne ko da Musulmi ne, kuma sarkin da ya shiga ƙawancen murƙushe masu kira zuwa ga sunna ba zai ce an zalunce shi ba idan aka mayar masa da martani. Ko a labarin Kazaure an san cewa Ɗantunku ya yi suna ne da hana rundunonin Katsina da Daura haɗuwa da ta Kano, abin da ke nuna cewa Daura ba 'yar kallo ba ce. Kashi na biyu shi ne kafirtawa, ta hanyar zargin yanka ga duwatsu da itatuwa da ruwa, da kuma jiɓintar kafirai a kan Musulmi. Zargin yanka, in ya tabbata da niyyar bauta, babu Musulmin da zai yi jayayya a kan hukuncinsa, amma tabbatar da shi a kan kowane sarki aiki ne na shaida. Hujjar jiɓinta kuwa tana da rauni ta fuska biyu.

Fuska ta farko ita ce, a kan zoben da ya gabace ta take rataye. Taimakon Barno ga Daura ba ya zama jiɓintar kafirai sai an fara tabbatar da kafircin Sarkin Daura, kuma sai an tabbatar Mai na Barno ya san da haka. A idon Barno kuwa, talakawanta ne Musulmi masu aiko da gaisuwa suka nemi agaji a kan masu tawaye. Wanda ya yi tawili irin wannan, ko ya yi kuskure, ba a daidaita shi da wanda ya taimaki kafirci don son kafirci. Fuska ta biyu ita ce ƙissar Haɗibu ɗan Abi Balta'a, wanda ya aika wa Ƙuraishawa sirrin tafiyar buɗe Makka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi dalili, ya karɓi uzurinsa, bai fitar da shi daga Musulunci ba. Ba mu ne muka fara ganin wannan rauni ba. Shehu Abdullahi, a Liya'us Sulɗani, ya tafi a kan cewa jiɓintar da ke kafirtawa ita ce taimako a kan kafirci, taimako a kan saɓo kuwa saɓo ne, har Shehu Usmanu ya mayar masa da amsa a Najmul Ikhwani. Mas'alar da Shehu da ƙanensa suka yi saɓani a kanta mas'ala ce ta ijtihadi, bai kamata a karantar da ita tamkar ijma'i ba.

Wani zai ce: tunda yaƙin ya halatta ta fuskar kare kai, mene ne amfanin jayayya a kan suna? Amfaninsa babba ne, domin hukunce-hukunce a kan suna suke ginuwa. Musulmin da aka yaƙa saboda zalunci ko tawaye ba a bautar da iyalinsa, ba a mayar da dukiyarsa ganima, kamar yadda Sayyidina Aliyu ya yi da mutanen Raƙumi. Bambancin da ke tsakanin azzalumi da kafiri shi ne bambancin da ke tsakanin matar da ta kwana a ɗakinta da wadda aka kora zuwa kasuwa. Abdullahi ya ga inda sakaci da wannan ke kaiwa tun da wuri, har ya bar runduna ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, kuma ya zuba kukansa kan masu neman mulki da ganima a Tazyinul Waraƙati.

5.0 Bello Bayan Infaƙu

Kuskuren da masu rubuta rayuwar Bello suka fi yi shi ne karanta shekarunsa ashirin na mulki da tabaran littafin da ya rufe shekara biyar kafin ya hau. Sai ya fito a matsayin mai cin ƙasashe kawai, a riƙa auna girmansa da faɗin taswira. Abin da ya biyo bayan 1817 ya fi wannan sarƙaƙiya. Farkon abin da ya tarye shi tawayen Abdussalami ne a Kware, wato mutumin da saboda jama'arsa wutar ta fara kamawa, kuma da zargin jiɓinta aka yaƙe shi har ya rasu a 1818. Bello ya rubuta Sardul Kalami a kan wannan, ya sake kawo wasiƙun abokin husumarsa. Makamin da aka ƙera don Barno ya dawo cikin gida.

Daura kanta shaida ce a kan iyakar abin da takobi ke iya yi. An ci birni, amma ba a ci ƙasar duka ba. Gidan Sarkin Gwari Abdu ya kafu a Zango wajen 1825, wani reshe ya kafu a Baure, daga baya duka suka shiga ƙarƙashin Damagaram, wadda ta bunƙasa a zamanin Tanimu ɗan Sulaimanu. M. G. Smith ya bi diddigin wannan rarrabuwa a littafinsa kan al'amuran Daura da ya fito a 1978. Ta kudu kuma Ɗantunku, mai tuta kamar Malam Isiyaku, ya yanki ƙasa daga Kano da Katsina da Daura ya kafa Kazaure, ya yi shekaru yana faɗa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har Bello ya raba gardamar wajen 1824 ta hanyar amincewa da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. Masu tuta biyu suna yaƙar juna a kan ƙasa abu ne da rabe-raben Nurul Albabi ba su tanadar masa gurbi ba. Haka nan labarin malaman 'Yandoto da Bello ya tarwatsa ya isa ya nuna cewa ba jahilai kaɗai suka ƙi bin jama'a ba, kuma Yusufu Bala Usman ya nuna a nazarinsa na Katsina na 1981 cewa fassara rikicin da Fulani da Haɓe kawai ba ta ɗaukar nauyin abin da ya faru.

Bello na wannan zamani ya fi karkata ga tsare abin da ke hannu. Ya kafa ribaɗoɗi a bakin iyaka, ya zauna a Wurno da kansa, ya kwaɗaitar da makiyaya zaman gari da karatu, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje Usulus Siyasa, inda ya ɗora wa shugaba nauyin raya sana'o'i da kasuwanni da hanyoyi. Da Alkanemi ya nufo Kano da yaƙi, Yakubun Bauchi ya tare shi a 1827, amma Sakkwato ba ta mayar da cin Barno manufarta ba. Yaƙinsa na Gawakuke a 1836 ma na kare iyakar arewa ne daga Gobir da Maraɗi da Azbinawa. Shi da Alkanemi a shekara ɗaya suka rasu, kowanne yana shugabantar daular Musulmi, iyaka tana tsakaninsu. Aikin Bello na ƙarshe ya fi hujjarsa ta farko sassauci, kuma wanda ke son sanin fiƙihun mutum ya dubi abin da ya zauna a kansa.

6.0 Kammalawa

Mayar da gidan Malam Musa kan karagar Daura ba hujja ba ce a kan jihadi, domin Turawa don maslahar mulkinsu suka yi, su ne kuma suka ja iyakar da ta bar wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura, irin su Magarya, a cikin Nijar. Haka nan nasarar Malam Isiyaku ba hujja ba ce a kan imanin wanda ya kora. Rinjaye a fagen fama ba ya cikin dalilan shari'a.

Abin da nake ganin ya dace a karantar shi ne: gyaran da Shehu ya yi kira gare shi gaskiya ne, albarkarsa ta ilimi da shari'a ta game ƙasar nan har da zuriyar waɗanda aka yaƙa. Yaƙar sarakunan da suka far wa jama'a tana da fuska karɓaɓɓiya a fiƙihu. Kafirta su ɗaya bayan ɗaya, da kafirta wanda ya taimake su, ijtihadi ne na malamai a cikin halin yaƙi, wanda Alkanemi ya ƙi daga waje, Abdullahi ya taƙaita daga ciki. Ya kamata a riƙa karanta wa ɗalibai wasiƙun Barno duka biyu a zama ɗaya, a haɗa musu da matsayin Abdullahi, a kuma ajiye ruwayar Daura kusa da ta Baƙiri. Bukatar haka ta ƙaru a zamanin da muka ga matasa a arewa maso gabas sun ɗauki kalmar jiɓinta sun kafirta malami da ɗan sanda da mai unguwa, suna raya cewa tafarkin Shehu suke bi. Wanda ya san cewa mas'alar tana da sharuɗɗa, kuma an yi saɓani a kanta tun a gidan Shehu, ba a saurin yaudararsa da ita.

Da ɗalibin nan na Zango zai sake tambayata, zan ce masa: kakanninka sun yi sarauta a ƙasar da ake salla, an zarge su da zalunci da gauraya, wasu zarge-zargen suna da tushe, amma littafin da ya hukunta su bai ji ta bakinsu ba, kuma marubucinsa bai ɓoye mana cewa an yi masa jayayya ba. Hisabinsu da na wanda ya kore su yana wurin Wanda ya san abin da zukata suka ɓoye. Allah ya jiƙan Shehu da Abdullahi da Bello da Alkanemi, ya gafarta wa Musulmin Daura na farko da na ƙarshe. Allah ne mafi sani.